Cakuda Ruwa da Amin: Tambayoyi da Amsoshi Kan Zafi, Girma, Tururi da Rabuwa

An tattara waɗannan tambayoyi ne saboda ɗaliban kimiyyar sinadarai da ma'aikatan matatun mai da na iskar gas, waɗanda kullum suke mu'amala da ruwan amin amma littattafai ke ba su lissafi kawai babu bayani. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a cikin wannan cakuda ruwa yana aiki kamar yadda amin ɗin ke yi. Wanda ya ɗauke shi a matsayin abin tsinkawa kawai, lissafinsa zai riƙa ɓacewa.

Mene ne amin, kuma a ina ake samunsa?

Amoniya, wato NH₃, nitirojin ɗaya ne riƙe da haidirojin uku. Idan aka cire haidirojin ɗaya aka sa sarƙar kabon a gurbinsa, an sami amin mai mataki na ɗaya. Idan biyu aka sauya, mataki na biyu, idan duka ukun ne, mataki na uku. Charles-Adolphe Wurtz ya haɗa metilamin da etilamin a Faransa a 1849, shekara guda bayan haka August Wilhelm von Hofmann ya nuna yadda ake samar da sauran matakan.

Hancinmu ya daɗe da sanin su. Ƙarnin kifin da ya kwana tiraimetilamin ne, shi ya sa lemun tsami ke kashe shi: asid ɗin yana mai da amin gishiri wanda ba ya tashi cikin iska. Nikotin da ke cikin taba da kwinin na zazzaɓi duk 'yan wannan dangi ne.

Kowane amin yana da ɓangare biyu: kan nitirojin mai son ruwa, da sarƙar kabon mai gudunsa. Kusan duk abin da za a faɗa a ƙasa daga jayayyar waɗannan biyun ya fito. Akwai kuma wani reshe, alkanolamin, da ke ɗauke da OH ban da nitirojin, irin su monoetanolamin (MEA) da dai'etanolamin (DEA) da metildai'etanolamin (MDEA). Ƙarin OH ɗin yana sa su narke sosai a ruwa, ya kuma hana su saurin tashi.

Me ake nufi da halayen tamodainamik na cakuda?

Tambayoyi huɗu ne a zahiri. Idan aka haɗa abu biyu, zafi zai fita ko zai shiga? Wurin da suke ci zai ƙaru ko zai ragu? Me zai tashi a matsayin tururi, kuma da wane matsi? Za su gauraye ko za su rabu?

Masana suna fara da cakuda ta misali, wadda molekul ɗinta bai damu da wanda ke kusa da shi ba. Irin wannan tana bin dokar da François-Marie Raoult ya fitar a 1887: tururin kowane sinadari yana tafiya daidai da kasonsa a cikin ruwan. Sai a auna cakuda ta gaskiya, bambancin da ke tsakaninsu a kira shi rara: rarar entalfi (zafin da ke shiga ko fita), rarar girma, rarar entirofi (ma'aunin 'yancin molekul). Ruwa da amin suna daga cikin cakudun da rararsu ke da girma ƙwarai, kuma tana sauyawa da zafi.

Me ya sa kwalba ke ɗaukar ɗumi idan aka zuba amin a ruwa?

Saboda ɗaurin haidirojin, wato jan da ke tsakanin haidirojin na wani molekul da nitirojin ko oksijin na maƙwabcinsa. Tsakanin amin da ɗan'uwansa amin wannan ɗauri ba shi da ƙarfi. Shaida ita ce metilamin yana tafasa a digiri 6 ƙasa da sifili, alhali metanol, wanda nauyinsu kusan ɗaya, sai ya kai digiri 65. Amin mai mataki na uku ma ba shi da haidirojin a jikin nitirojin ɗinsa, don haka ba ya ƙulla komai da 'yan'uwansa. Amma nitirojin gwani ne wajen karɓa. Da ruwa ya miƙo masa haidirojin, sai a sami ɗauri mai ƙarfi, ya fi wanda aka kwance. Ribar da ke tsakani ita ce zafin da tafin hannu ke ji.

Ɗalibai kan ɗauka cewa zafin daga karɓar furoton (haidirojin mai caji) yake, tunda amin alkali ne. Wannan yana ba da gudummawa, amma 'yar kaɗan ce, domin a cakuda mai kauri amin ƙalilan ne ke karɓar furoton daga ruwa.

Lita ɗaya ta ruwa da lita ɗaya ta amin za su ba da lita biyu?

Ba za su kai ba. An fi sanin wannan a ruwa da etanol, inda mililita 50 da 50 ke ba da kusan 96. Amin ma haka yake. Dalili na farko, tsarin ruwa buɗaɗɗe ne mai ramuka, sarƙar kabon tana samun wurin shigewa, kamar mudun gero da aka juye cikin mudun gyaɗa. Na biyu, sabon ɗaurin da ke tsakanin nitirojin da ruwa yana jawo molekul kusa da juna.

Saboda haka a masana'anta da nauyi ake auna cakuda. Idan aka ce MEA kashi 30 cikin ɗari, ana nufin kilo 30 a cikin kilo 100 na cakuda. Ana auna raguwar girman da na'ura mai bututun gilashi da ke karkarwa, wadda aka ƙirƙira a birnin Graz na Ostiriya a shekarun 1960, sannan a zuba sakamakon cikin lissafin da Redlich da Kister suka gabatar a 1948.

Da gaske ne akwai amin da ke gauraye da ruwa a sanyi, ya rabu da shi a zafi?

Gaskiya ne, kuma wannan shi ne abu mafi ban sha'awa a fannin baki ɗaya. Mun saba ganin sukari ya fi narkewa a ruwan zafi. Tirai'etilamin ya saɓa wa haka. Ƙasa da kusan digiri 18 na Salshiyas yana gauraye da ruwa ko nawa aka zuba. Da zafi ya haura haka, cakuda mai kusan kashi ɗaya cikin uku na amin sai ta yi fari kamar hazo, sannan ta rabu gida biyu, amin a sama, ruwa a ƙasa. A ɗakin gwaji na Kano ko Maraɗi, yawancin watannin shekara gida biyu za ka tarar. Sai ka tsoma kwalbar cikin ƙanƙara kafin ka ga layin da ke tsakani ya ɓace.

Bayanin yana cikin lissafin Josiah Willard Gibbs, malamin jami'ar Yale da ya aza harsashin fannin tsakanin 1875 da 1878: ΔG = ΔH − TΔS. H shi ne entalfi, S entirofi, T zafi, Δ kuma na nufin sauyi. Abubuwa biyu suna gauraye ne idan haɗuwarsu ta rage G. A nan ΔH yana goyon bayan gaurayar, tunda zafi na fita. Amma akwai farashi. Kafin ruwa ya ƙulla da nitirojin dole ya fuskance shi ta wata kusurwa takamaimai. Ruwan da ke kewaye da sarƙar kabon kuma dole ya tsara kansa don kada ya yi asarar ɗaurinsa da sauran ruwa. Duka biyun suna tauye 'yancin molekul, wato rarar entirofi tana ƙasa da sifili. Tunda a lissafin ana ninka entirofi da T, nauyin wannan farashi yana ƙaruwa da zafi. A sanyi ribar ɗauri ke rinjaye. A digiri 18 sai ma'aunin ya karkata.

Henry Frank da Marjorie Evans sun siffanta wannan tsararren ruwa a 1945 da ƙanƙarar da ke kewaye molekul. Siffar ta taimaka wa koyarwa, amma ina ganin bai dace ɗalibi ya ɗauke ta a zahiri ba. Ruwan wurin motsinsa ne ya ragu, bai daskare ba.

Tsawon sarƙa ne ke yanke hukunci. Dai'etilamin, mai sarƙa biyu, yana gauraye da ruwa a zafin ɗaki ba tare da matsala ba. Ƙara sarƙa ta uku ya sauko da iyakar zuwa digiri 18. Idan kowace sarƙa ta ƙara kabon ɗaya, da ƙyar amin ɗin ke narkewa ko kaɗan. Nikotin kuwa nasa ya fi ban mamaki: yana gauraye ƙasa da kusan digiri 61, ya rabu sama da haka, sannan a rufaffen bututu ya sake haɗewa wajen digiri 210, domin a can zafi ya riga ya wargaza duk wani tsari, entirofin gaurayar kanta ta dawo da ƙarfinta.

Wani amin mai suna lutidin shi da ruwa suna rabuwa a kusan digiri 34. Sauƙin kaiwa wannan zafi ya sa masana fiziks ke son wannan cakuda. Da ita wata tawaga a Stuttgart ta Jamus ta auna, a 2008, ƙarfin da ke jan ƙananan ƙwayoyi zuwa bango idan ruwa ya kusa rabuwa, abin da Michael Fisher da Pierre-Gilles de Gennes suka yi hasashensa tun 1978.

Wane amin ne ya fi ƙarfin alkali?

Amsar ta danganta da ko akwai ruwa. A cikin iska, inda molekul yake shi kaɗai, tsarin a miƙe yake: duk ƙarin sarƙar kabon yana ƙara wa nitirojin son furoton, tiraimetilamin ne kan gaba, amoniya a baya. A cikin ruwa sai tsarin ya hargitse. Ma'aunin pKa, wanda ke hawa da ƙarfin alkali, na daimetilamin kusan 10.7 ne, na metilamin kusan 10.6, na tiraimetilamin 9.8, na amoniya 9.25. Wanda ya zo na ɗaya a iska ya koma na uku.

Dalili shi ne bayan amin ya karɓi furoton ya zama mai caji, ruwa ne ke kwantar da cajin ta hanyar ƙulla ɗauri da haidirojin ɗin da ke jikin nitirojin. Metilamin mai caji yana da uku, tiraimetilamin mai caji ɗaya tak. Shekaru da yawa malamai na ta ƙoƙarin bayyana tsarin daga siffar amin kaɗai, sai da aka iya auna shi a cikin iska wajen ƙarshen shekarun 1960 aka tabbatar cewa hannun ruwa ne.

Me ya sa masana'antu suka damu da waɗannan alƙaluma?

Saboda ruwan amin shi ne babbar hanyar wanke iskar gas daga CO₂ da H₂S, iskoki biyu masu asid. Robert Bottoms ya yi rajistar dabarar a Amurka a 1930, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Hasumiya biyu ce. A ta farko gas yana hawa, ruwan amin mai zafin digiri 40 zuwa 60 yana saukowa yana kama iskar mai asid. Sai a tura ruwan hasumiya ta biyu, a dafa shi zuwa kusan digiri 120, ya saki abin da ya kama, a sanyaya shi a mayar. Dabarar gaba ɗaya ta tsaya ne kan cewa amin alkali ne mai matsakaicin ƙarfi, kuma riƙonsa yana sassautawa da zafi. Alkali mai ƙarfi irin soda zai kama CO₂ da kyau, amma tafasa ba za ta sa ya saki ba.

Injiniyan da zai zana waɗannan hasumiyoyi yana buƙatar sanin matsin CO₂ a saman ruwan a kowane zafi, da zafin da kamun ke fitarwa, da zafin da ruwan ke sha kafin ya ɗumama, da nauyinsa, da yawan amin da ke bin tururi. Kuskure kaɗan a ɗayansu yana nufin hasumiya ta yi gajarta ko tukunyar tururi ta yi ƙanƙanta.

Me ke cin kuɗi a aikin, kuma wane amin ya fi?

Dafawa ce ke cin kuɗi. Da MEA kashi 30, fitar da tan ɗaya na CO₂ yana cin zafi tsakanin gigajul 3.5 da 4. Wannan zafi kashi uku ne: na kwance ɗaurin CO₂ da amin, na ɗumama ruwan daga hasumiya ta farko zuwa ta biyu, da na tururin ruwa da ke fita tare da CO₂ ɗin.

MEA yana kamu da sauri, yana samar da gishirin kabamet, amma molekul biyu ne ke riƙe CO₂ ɗaya, kuma kamun yana fitar da kusan kilojul 85 a kowane mol. MDEA ba shi da haidirojin a nitirojin, ba ya iya yin kabamet. Aikinsa shi ne karɓar furoton yayin da CO₂ ke haɗuwa da ruwa ya zama baikabonet. Ɗaya da ɗaya yake riƙewa, zafinsa bai kai na MEA ba, wajen kilojul 50 zuwa 60, sai dai yana da nawa. Kamfanin BASF ya magance nawar ta hanyar ƙara masa ɗan fiferazin. Masu bincike na Exxon, Sartori da Savage, sun bi wata hanya a 1983: amin mai cunkoson sarƙa kusa da nitirojin, wanda kabamet ɗinsa ba ya ɗorewa.

Mutane da yawa suna tsayawa a nan su ce amin mai ƙaramin zafin kamu shi ya fi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Dokar tamodainamik ta ɗaure abu biyu wuri guda: gwargwadon girman zafin kamu, gwargwadon saurin hawan matsin CO₂ idan aka ƙara zafi. Amin mai babban zafin kamu, da an dafa shi, yana tunkuɗo CO₂ da ƙarfi fiye da yadda tururin ruwa ke ƙaruwa, don haka kashi na uku na asarar yana raguwa, kuma CO₂ ɗin yana fita da matsi, injin matsa shi ya huta. Gary Rochelle na jami'ar Teksas da ke Austin ya daɗe yana jaddada wannan, kuma ina tare da shi. Alƙalami ɗaya ba ya isa a zaɓi amin. Sai an haɗa ukun, a duba kuma zafin da amin ɗin zai jure kafin ya lalace.

To me ya hana a rage ruwan, tunda shi ake ta dafawa a banza?

Tambaya ce mai kyau, domin giram ɗaya na ruwa yana shan jul 4.18 kafin ya hau digiri ɗaya, MEA kuwa kusan 2.7. Amma ruwan yana da aiki. MDEA tsantsa ya fi ruwa kauri kusan ninki 100 a digiri 20, kuma kamun CO₂ yana ƙara kaurin, famfo ya wahala, musayar zafi ta ragu. In babu ruwa MDEA ba shi da abokin yin baikabonet. Fiferazin kuwa daskararre ne, yana iya toshe bututu idan cakudar ta yi sanyi. MEA mai yawa kuma yana cin ƙarfe.

Wata dabara ita ce a yi amfani da rabuwar da muka gani a sama. A zaɓi amin da bayan ya kama CO₂ aka ɗumama shi zai rabu gida biyu, CO₂ ya taru a gida ɗaya, shi kaɗai a kai tukunya. Cibiyar IFPEN ta Faransa ta gina wurin gwajin irin wannan a masana'antar ƙarfe ta Dunkirk.

A ina ake amfani da shi yau, kuma ya shafe mu?

Filin gas na Sleipner na ƙasar Nowe, a Tekun Arewa, ya fara cire CO₂ da MDEA a 1996, kusan tan miliyan ɗaya a shekara a shekarun farko, yana tura shi ƙarƙashin teku. An yi irin haka a In Salah ta Aljeriya daga 2004 zuwa 2011. Tashar kwal ta Boundary Dam a Kanada ta fara wanke hayaƙinta da amin a 2014. Jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa suna tsabtace iskar numfashi da MEA.

Ya shafe mu ta hanya biyu. Kafin a sanyaya iskar gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili don loda ta a jirgi, kamar yadda ake yi a Bonny tun 1999, dole a rage CO₂ zuwa kusan kashi 50 cikin miliyan, in ba haka ba zai daskare ya toshe na'ura. Sai kuma takin yuriya da manomi ke zubawa a gonar masara. Masana'antar taki tana samun haidirojin daga iskar gas haɗe da CO₂, sai ta raba su, sau da yawa da MDEA, ta yi amoniya da haidirojin ɗin, sannan ta dawo da CO₂ ɗin ta haɗa shi da amoniya ya zama yuriya.

Idan aka tafasa cakudar, wa ke fara tashi?

Ya danganta. MEA yana tafasa a digiri 170, MDEA a 247, kuma ruwa yana riƙe MEA fiye da yadda dokar Raoult ta tanada, don haka tururin kusan ruwa ne zalla. Etilindai'amin yana tafasa a kusan 117, amma cakudarsa da ruwa tana kai wa kusan 119, sama da su duka biyun. Tirai'etilamin ya bi akasi: shi kaɗai 89, da ruwa kusan 75. Ka lura, haɗa shi da ruwa yana fitar da zafi, duk da haka ruwan yana korarsa zuwa tururi. Entirofi ce ta sake yin magana.

Masu kula da tukunyar tururi suna cin gajiyar wannan. Suna zuba mofolin domin yana tashi kusan daidai da ruwa, ya bi tururi har inda zai koma ruwa, ya kashe asid ɗin da ke cin bututu.

Kwamfuta ba za ta iya lissafa duk wannan ba tare da awo ba?

Tana iya cike gurbi tsakanin awo da awo. Tsarin NRTL na Renon da Prausnitz, na 1968, da reshensa na ruwa mai caji da Chau-Chyun Chen ya faɗaɗa a 1982, su ne ke cikin manhajojin zana masana'anta. Amma alƙalumansu daga awon ɗakin gwaji aka ciro su. Ɗalibin da ya shigar da sabon amin cikin manhaja ya karɓi amsa bai duba inda alƙaluman suka fito ba, yana wasa da dukiyar mutane.

An ce ana iya cire gishiri daga ruwa da amin?

An gwada tun shekarun 1960, kuma tawagar Ngai Yin Yip a jami'ar Columbia ta farfaɗo da shi a 2019. A sanyi amin yana tsotse ruwa daga ruwan gishiri ya bar yawancin gishirin. A raba su, a ɗumama amin ɗin, ya saki ruwan. Zafin da ake buƙata bai kai na tafasa ba, kuma dabarar tana aiki a ruwan da gishirinsa ya fi ƙarfin matatar matsi. Matsalar ita ce ragowar amin da ke saura a ruwan, wanda dole a cire shi kafin a yi maganar sha.

Zan iya gwada rabuwar tirai'etilamin a ɗakin gwajin makaranta?

Za ka iya, ƙarƙashin kulawar malami, da mililita kaɗan a rufaffen bututu, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Sa tabarau da safar hannu. Tirai'etilamin yana kama wuta da sauƙi, yana ƙona fata, tururinsa kuma yana kumbura saman ƙwayar ido har mutum ya riƙa ganin hazo mai shuɗi da da'ira kewaye da fitila na wasu sa'o'i. Kada a ajiye amin kusa da gishirin naitirait, musamman mai mataki na biyu, domin suna iya samar da naitirosamin, dangin sinadaran da ke jawo ciwon daji. Haɗa kashi ɗaya na amin da kashi biyu na ruwa bisa nauyi, sanyaya a ƙanƙara har ya yi garau, sannan ka sa bututun a kofin ruwa mai ma'aunin zafi, ka riƙa ɗumama shi a hankali kana girgizawa. Rubuta digirin da hazo ya fara bayyana, ka sake sanyayawa ka rubuta wanda ya ɓace. Idan amin ɗin tsabtatacce ne, alƙaluman biyu za su faɗo kusa da 18.